Yadda na bi sawun cutar da ta afka wa tarwadata, daga bakin tanki zuwa ɗakin gwaji

Abin ya fara ne da ƙin cin abinci. Tarwada dai an san ta da zalama, in ka watsa abinci sai ruwa ya ruɗe, amma da safen nan sai na ga rabinsu sun taso sun ɗan taɓa sun koma. Kashegari na tsinci matattu a saman ruwa, wasu kuma suna tsaye a tsaye, kai sama wutsiya ƙasa, ko an taɓa su da raga da ƙyar suke motsi. Da na kamo ɗaya na juya cikinsa sai na ga ja-ja a gindin fikafikansa da kewayen duburarsa, cikin ya kumbura, gashin bakinsa ya guntule, ga wani ɗan gyambo a gefe da fatar ta zame har nama ya fito. Gabana ya faɗi, domin kifin ya kusa isa sayarwa, kuma abincin da suka ci har yanzu akwai bashinsa a kaina. Ina rubuta wannan ne saboda a kwanakin nan na sha kai-komo, kowa da abin da yake gaya mini, kuma da akwai wanda ya jera mini matakan tun farko da na huta da rabin wahalar.

Kafin rana ta yi tsaka na samu shawarwari sun fi a ƙirga. Wani abokin sana'a ya ce in sayo kafso na mutane in farfasa a ruwa. Wani ya ce in zuba gishiri mai yawa. Wani ya ce in kwashe su gaba ɗaya in sayar tun da sauran dama. Duk da kyakkyawar niyya suka faɗa, na sani. Abin da ya tsayar da ni shi ne wayar da na buga wa jami'in kula da harkar kifi na yankinmu. Tambayarsa ta farko ita ce ko na riga na zuba wani magani. Na ce a'a. Ya ce: "To Malam, don Allah kada ka zuba komai tukuna. In ka ba su magani yau, gobe ka kai su gwaji, ƙwayar cutar ba za ta tsiro a farantin gwaji ba, ka biya kuɗi a banza kuma ba mu san abin da muke yaƙi da shi ba." Ya ce abin da zan yi nan take guda uku ne: in tsayar da abinci, in canza wani kaso na ruwan a hankali ba duka lokaci guda ba, in kuma tsame matattu da zarar na gan su, domin tarwada na cin 'yar'uwarta, kuma wanda ya ci gawar mai cuta ya ɗauka. Ya ƙara da cewa ragar da na taɓa wannan tankin da ita kada ta shiga wani.

Da na je ofishinsa na ɗan jima a kan benci kafin ya dawo daga wata gona. Bai duba kifi ba, ba aikinsa ba ne, amma ya zaunar da ni ya yi mini tambayoyin da daga baya na gane su ne za a sake yi mini a kowane mataki: yaushe na zuba 'ya'yan kifin, daga ina na samo su, guda nawa ne a tankin kuma girman tankin nawa, wane abinci nake bayarwa da yawansa, daga ina ruwana yake zuwa, sau nawa nake canzawa, nawa ne ke mutuwa kowace rana, ko na tace su ko na ɗebe su zuwa wani tanki kwanan nan. Wannan ta ƙarshe ta sa na yi shiru, domin ba da jimawa ba muka ware manya da ƙanana, kuma a wajen warewar kifi na gogar juna da ƙaya, santsin jikinsa na gogewa. Ya ce in riƙe wannan in gaya wa likita. Sannan ya rubuta mini 'yar takarda zuwa ga likitan dabbobi da ya san harkar kifi. Nan ma akwai abin lura: ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da kifi ba, da yawa aikinsu shanu da kaji ne, don haka gara ka tambaya kafin ka ɗauki hanya.

Yadda ake ɗaukar samfurin shi ne wurin da mutane suka fi yin asara, don haka zan tsaya a kansa. Kifin da ake so shi ne mai rai wanda cutar ta bayyana a jikinsa, wanda ya kusa mutuwa amma bai mutu ba. Matacce ba shi da amfani sosai, domin da zarar kifi ya mutu ƙwayoyin da ke hanjinsa da na cikin ruwa sukan mamaye jikinsa cikin ɗan lokaci, sai gwaji ya nuna tarkace iri-iri, ba a san wanda ya yi kisan ba. Kuma ba wanda ya taso ya ci abinci za ka kama ba, wannan lafiyayye ne. Ka bi waɗanda suka raɓe a gefe. Na ɗebi 'yan kaɗan masu alamun cutar a matakai daban-daban, na sa su a bokiti mai murfi da ruwan tankinsu. In tafiyar mai nisa ce kuma ba za su kai da rai ba, sai a sa kowanne a ledarsa a ɗaure, a jera a kan ƙanƙara cikin kula, ba tare da ruwan ƙanƙarar ya taɓa su ba. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne saka su a firiza su daskare, domin daskarewa na lalata naman da za a duba. Ruwan gwaji kuma dabam ake ɗaukarsa, a gora mai tsabta da aka ɗauraye da ruwan tankin, a cika ta fal a rufe, kuma a ɗebe shi kafin a canza ruwa, in ba haka ba sakamakon zai yi maka ƙarya. Na ga illar daskarar da kifi da idona, domin a bakin ɗakin gwajin na tarar da wani bawan Allah da ya yi doguwar tafiya da buhun kifi daskararre kamar itace, aka ba shi haƙuri aka ce ya koma ya kawo masu rai. Yanayin fuskarsa bai bar raina ba har yau.

Likitan ya karɓe ni da sakin fuska. Na cike fom, tambayoyin nan dai na jami'i ne suka dawo, na biya kuɗin dubawa aka ba ni rasit da lambar samfur. Ka adana wannan lambar, da ita za ka nemi sakamako, ba da sunanka ba. Ya bar ni na tsaya ina kallo. Ya fara kankare ɗan santsin fatar kifin da ɗan yanki na jan naman nan da ke ƙarƙashin murfin kunnensa, inda yake shaƙar iska, ya ɗora a gilashi ya duba a madubin hangen ƙananan halittu. Ya ce yana neman ƙwari masu maƙalewa a fata ne, domin sau da yawa su ke fara huda jiki, bakteriya ta biyo baya, kuma in ba a kawar da su ba maganin bakteriya ba zai hana cutar dawowa ba. Bai ga wani abin a zo a gani ba. Sai ya goge cikin kifin da sinadari ya tsaga. Wani ruwa mai launin jini-jini ya kwararo, hantar ta koɗe, saifa ta kumbura ta yi baƙi, hanjin babu abinci sai majina. Ya ɗauki wata siririyar waya da ya ƙona a wuta, ya soka a ƙodar kifin da ke manne da ƙashin baya, ya ja layi-layi a kan wani faranti mai abu kamar daskararren kitse. Na tambaye shi me ya sa ƙoda, ga gyambo a fili. Ya ce a kan gyambo kowace irin ƙwaya ta ruwa tana nan, amma wadda aka samu a ƙoda ita ce ta shiga jini.

Na ce: "Likita, ranka ya daɗe, yanzu ba za ka iya gaya mini sunan cutar ba?" Ya ce zai iya yin zato, amma zato ba ya isa a rubuta magani, domin cututtukan bakteriya da yawa fuskarsu ɗaya ce a jikin kifi. Ya lissafa mini su yana wanke hannu. Akwai Aeromonas hydrophila, wadda ke zaune a kusan kowane ruwa mara gishiri har da cikin hanjin lafiyayyen kifi, ita ce ta fi kawo jan jiki da gyambo da kumburin ciki. Akwai Edwardsiella tarda, wadda a tarwada takan yi ƙurji a cikin tsoka mai cike da iska mai wari. Akwai Flavobacterium columnare, mai cin fikafikai da wurin numfashi, takan bar fari-fari ko rawaya-rawaya a bayan kifi. Ita ba ta tsirowa da kyau a farantin da aka saba, sai an yi mata nata na musamman, shi ya sa yana da kyau likita ya ga kifin da idonsa. A karfasa kuma Streptococcus ce ta fi ɓarna idan ruwa ya yi zafi, kifin ya riƙa juyi a ruwa, ido ya fito ya yi fari.

Ya ba ni misalin da ya taimake ni na fahimci abin, daga masu kiwon dogon kifin nan mai siffar maciji da masana ke kira Anguilla, wanda ake kiwo sosai a Japan da Sin da Taiwan da wasu ƙasashen Turai. Su ma Aeromonas na sa fikafikan kifinsu su yi ja, Edwardsiella tarda na yi masa ƙuraje a hanta da ƙoda. A farkon shekarun 1970 masana a Japan suka gano wata ƙwaya, Pseudomonas anguilliseptica, mai sa ɗigo-ɗigon jini a fatarsa, aka kuma lura tana ɓarna ne a ruwa mai ɗan gishiri lokacin sanyi, in aka ɗaga zafin ruwan sai mutuwar ta ja baya. Akwai kuma Vibrio vulnificus da ta addabi gonakin wannan kifi a Japan sannan a Sifaniya, ita ma ruwa mai gishiri-gishiri take so. Ya ce ka ga ke nan, gishirin da zai taimaki mai tarwada yana iya ƙara wa wani mai kiwon matsala, kuma yanayin ruwa shi ke buɗe wa kowace ƙwaya ƙofa ko ya rufe.

Gwajin ruwa bai ɗauki lokaci ba, a gabana wata malama ta yi shi da 'yan kwalabe tana ɗiga sinadari tana gwada launi da kati. Shi ma kuɗinsa dabam. Amoniya ta fito sama da yadda ya kamata, naitirait ma ya ɗaga. Ta yi mini bayani cewa amoniya daga kashin kifi da ragowar abinci take fitowa, kuma dafinta na ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi ko ma'aunin pH, mai nuna tsamin ruwa ko rashinsa, ya hau. Naitirait kuma yana shiga jini ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Ta ce tarwada na ruɗar mai ita, domin tana iya tasowa ta shaƙi iska a sama, sai ka ga tana raye a ruwan da karfasa ba za ta kwana a ciki ba, ka ɗauka lafiya lau, alhali jikinta na raunana a hankali. Nan na fara ganin yadda zaren ya haɗu: kifi ya girma tanki bai girma ba, abinci ya ƙaru, ruwa ya yi nauyi, aka zo aka ware su suka ji raunuka, ƙwayar da dama tana nan ta samu hanya. Likita ya ce in ci gaba da canza ruwa kaɗan-kaɗan kullum, in rage cunkoso in akwai tankin da babu kowa, ya kuma auna mini gishirin da zan sa gwargwadon yawan ruwana, domin gishiri na rage shigar naitirait jikin kifi kuma yana sauƙaƙa wa mai rauni.

Sai jira. Wannan shi ne mafi wuya a duk tafiyar. Ƙwayar na buƙatar awa 24 zuwa 48 kafin ta tsiro a faranti, sannan a tantance ko wacece, sannan a sake shuka ta a wani farantin a jera mata 'yan ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban a ga wanne zai hana ta yaɗuwa, wannan ma yana cin kwana guda. Kowane mataki da kuɗinsa, don haka ka tambayi jimillar tun ranar farko, kuma ka ce a fili kana son har da gwajin magani, domin wasu wuraren in ba ka nema ba sunan ƙwayar kawai za a ba ka. A kwanakin nan kullum da asuba ina bakin tanki da raga ina tsamo gawa, ina haƙa rami nesa da ruwa ina binnewa. Barci ya ƙaurace mini. Masu ba ni shawarar kafso suka dawo suna cewa ina kallo dukiyata na narkewa. Abin da ya riƙe ni shi ne lissafin da nake rubutawa: tun kafin a ba da ko ƙwayar magani ɗaya, daga gyaran ruwa da tsayar da abinci kawai, adadin masu mutuwa ya fara sauka.

Ranar da sakamako ya fito na je na karɓi takarda mai shafi ɗaya. An rubuta Aeromonas hydrophila, a ƙasa kuma jerin magunguna, kowanne da harafi a gabansa. Malamar ta nuna mini da biro: S na nufin maganin na kashe ta, R na nufin ta fi ƙarfinsa, I kuma tsaka-tsaki. Na nemi irin kafson da aka yi ta matsa mini in saya, dangin amfisilin, na ga R. Likita ya ce wannan ba abin mamaki ba ne, yawancin Aeromonas dama haka aka san su, magungunan dangin fenisilin ba sa yi musu komai. Wani maganin da masu kiwo suka fi yawan amfani da shi ma R ya nuna a kan tawa ƙwayar, ya ce wannan kuma sakamakon yawan zuba shi ne barkatai a gonaki. Ya zaɓi ɗaya daga masu S wanda aka yarda a ba kifin da mutane za su ci, ya rubuta takardar magani. Ya ja kunnena a kan irin su kuloramfenikol da wani koren sinadari da ake kira malakait, ya ce ƙasashe da yawa sun haramta amfani da su a dabbar da za a ci saboda illarsu ga ɗan Adam, ko wa ya kawo mini su kada in karɓa.

Ba da maganin ma sai da lissafi. Ana auna shi ne da nauyin kifin da ke tanki, don haka sai da na kamo 'yan kaɗan na auna na ƙiyasta jimilla. A abinci ake haɗawa, ba a ruwa ba, domin cutar a cikin jini take, kuma wasu magungunan in an zuba su a ruwa ma'adinan ruwan ke riƙe su su tashi a banza. Ana kwaɓa garin maganin da ɗan mai a cuɗa da ƙwayoyin abincin har ya manne, a bar shi ya sha iska a inuwa, a haɗa na yini ɗaya kawai. Kuma ana sa shi a abinci ɗan kaɗan wanda za su cinye tas. Likita bai ɓoye mini ba: waɗanda suka riga suka daina ci ba za su samu maganin ba, yawancinsu za su tafi, waɗanda ake ceto su ne masu sauran ci. Haka kuwa aka yi. Bayan 'yan kwanaki mutuwa ta tsaya, gyambunan suka fara haɗewa suna barin tabo, cin abinci ya dawo. A nan ne zuciya ke raya maka ka tsayar da magani ka adana sauran, amma sai an cika kwanakin da aka rubuta, galibi goma ne, in ba haka ba ƙwayoyin da suka fi taurin kai su ne za su rage su hayayyafa.

Akwai abin da ya shafi jikinka kai kanka wanda ba a cika faɗa ba. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan na kama mutum ta hanyar rauni. Aeromonas da Edwardsiella da Streptococcus iniae duk an san suna yi, Vibrio vulnificus kuwa tana iya zama mai tsanani ƙwarai ga mai ciwon hanta ko mai raunin garkuwar jiki. Mai tarwada kuma hannunsa ba ya rabuwa da sukar ƙaya. Tun daga lokacin safar hannu nake sawa in zan taɓa maras lafiya, kuma na hana yara zuwa bakin tankin. In ƙaya ta soke ka wurin ya kumbura ya yi ja yana zafi yana faɗaɗa, ka tafi asibiti a ranar, ka kuma gaya musu kifi kake kiwo.

Mataki na ƙarshe da ya gwada ni shi ne wa'adin da ake jira bayan an gama magani kafin a sayar, don maganin ya fita daga naman. Tsawonsa ya danganta da irin maganin da zafin ruwa, likita ne ya rubuta mini ranar a bayan takardar. Mai saye ya zo a tsakiyar wa'adin, ga bashi na jirana, na ce masa ya yi haƙuri ya dawo. Ban ji daɗin ciyar da su ƙarin kwanaki ba, amma mutane ne za su ci, har da ƙananan yara da marasa lafiya. Idan na haɗa abin da na kashe a dubawa da gwaje-gwaje da mota da magani, bai kai darajar kifin da nake tsamowa a kwana biyu na tsananin cutar ba.

Bayan an kwashe kifin na zubar da ruwan inda ba zai gangara wani tafki ko rafi ba, na goge tankin na wanke da kulorin, na ɗauraye sosai, na bar shi ya bushe a rana kafin in sake zuba komai. Kowane tanki yanzu da ragarsa da bokitinsa. Na sayi 'yan kwalaben gwajin amoniya da naitirait da pH ina dubawa da kaina, ina rubutawa a littafi tare da yawan abinci da duk wanda ya mutu, kuma in zan ware kifi da sanyin safiya nake yi, bayan na tsayar da abinci tun jiya. Sabbin 'ya'yan kifi kuma tankinsu dabam na 'yan makonni kafin su kusanci na gida. Wanda zai kai samfur, ya buga waya ɗakin gwajin tukuna ya ji ko suna karɓar kifi da kuma ƙarfe nawa suke rufe karɓa, ya kuma yi ƙoƙari ya kai a farkon mako, domin farantin da aka shuka dab da hutun ƙarshen mako yakan jira har a dawo aiki kafin a karanta shi.